Katin Freedom Pass na Baba: har ina zai kai shi?

'Yar'uwa, kin ce Baba ya samu Freedom Pass, katin da ake ba dattawa da naƙasassu mazauna Landan, kuma yana son ya riƙa fita yawon wuni ya dawo gida ya kwana. To, madalla, Allah ya ƙara masa lafiya.

Fara da lokaci. Daga Litinin zuwa Juma'a, katin yana aiki a bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa daga ƙarfe 9 na safe, amma a jiragen National Rail, wato jiragen ƙasa na gama-gari, sai 9:30. Asabar da Lahadi kuwa babu wannan sharaɗi. Ni kaina na taɓa raka kawuna tasha da sassafe, ƙofa ta ƙi buɗe masa, muka tsaya cikin sanyi muna kallon agogo.

Layin jirgin ƙasa na Elizabeth zai kai shi garin Reading kyauta, muddin jirgin layin ya hau, ba na kamfanin GWR ba. Heathrow Express da Gatwick Express, jiragen ƙasa masu zuwa filayen jiragen sama, ba sa karɓar katin.

Idan garin Brighton yake so, kada ku sayi tikiti tun daga tashar Victoria ta Landan. Ku je wurin mai sayar da tikiti, ku nemi na daga iyakar shiyya ta 6 (an raba Landan shiyya-shiyya don kuɗin sufuri, katin kuma yana aiki har nan), sai ku biya kuɗin ragowar hanya kawai. In ya haɗa da Senior Railcard, katin rangwamen jirgin ƙasa na dattawa, za a rage masa kashi ɗaya cikin uku.

Kafin ku tashi, ki nuna wa ma'aikacin tasha katin, ya tabbatar miki jirgin da za ku shiga.