Tambaya da Amsa: Tsara Fuskar Manhajar Ilimin Zamantakewa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce daga Daura, ina haɗa manhaja mai ɗauke da bayanan ilimin zamantakewa, da hotuna da sauti da bidiyo. Yaya zan tsara fuskarta?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Ki fara da akwatin bincike, domin mai buɗe irin wannan manhaja yakan zo ne da kalma ɗaya a ransa, kamar gandu ko sarauta. Wajibi ne akwatin ya gane haruffa masu lanƙwasa ko da an rubuta su a miƙe, ta yadda wanda ya rubuta "kauye" zai isa ga "ƙauye", tunda ba kowa ne yake da waɗannan haruffa a wayarsa ba.

A ganina, kowane shafi ya buɗe da gajeriyar ma'ana, sauran kaya su biyo baya. A shafin sarauta, misali, ki sa hoton rijiyar Kusugu a gefe, sannan ki kawo taƙaitaccen bayanin binciken masanin ilimin zamantakewa M.G. Smith kan Daura, wanda aka buga a 1978. Kada bidiyo ya kunna kansa, saboda data tana da tsada. Ki nuna nauyinsa kafin a sauke.