Zauren Harsuna: Tambayoyinku kan aikatau "espesar" na Sifaniyanci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon Sifaniyanci a makarantar sakandare. An ba mu aikin gida mu sarrafa aikatau *espesar*, wato sa abu ya yi kauri. Na rubuta *yo espieso* saboda na san ana cewa *yo pienso* daga *pensar*, amma malami ya soke da jan biro. Ina kuskuren yake? Kuma ku taimaka mini da cikakken tsarinsa. Daga wata ɗaliba a Garwa, Kamaru.

Amsa: Wa'alaikis salam, Malama. Malaminki ya yi daidai, amma ke ma ba da ka kika yi ba, domin akwai aikatau masu kama da wannan da ke sauya wasalin tsakiya: *pensar* ya ba da *pienso*, *confesar* ya ba da *confieso*, *atravesar* ya ba da *atravieso*. Shi *espesar* ba ya cikinsu. Yana tafiya ne a sahun *pesar*, *besar* da *regresar*, waɗanda saiwarsu ba ta motsi ko kaɗan.

Dalilin yana cikin tarihi. Kalmar ta fito daga *spissus* na Latin, kuma gajeren wasalin *i* na Latin ya rikiɗe ya zama *e* zalla a Sifaniyanci. Wanda ke tsagewa ya zama *ie* idan nauyin furuci ya faɗa kansa shi ne gajeren *e* na Latin. Ba sai kin koyi Latin ba. Dubi sifar da ke tare da aikatau ɗin: ana cewa *espeso*, mai kauri, ba a cewa *espieso*. Wannan dabara tana taimakawa sau da yawa, ko da yake ba kullum take ci ba, don haka idan kina kokwanto ki buɗe ƙamus ɗin Real Academia Española a intanet, hukumar kula da harshen Sifaniyanci da aka kafa a Madrid a 1713. Kowane aikatau da ke ciki yana da jadawalin sarrafa shi.

Ga yadda ake yi. Ki cire *-ar* daga ƙarshe, abin da ya rage shi ne *espes-*. A Hausa aikatau yakan zauna yadda yake, lamirin da ke gabansa ne ke nuna mutum da lokaci: na dama, ina damawa, zan dama. Sifaniyanci ya mayar da wannan aiki ƙarshen kalma, shi ya sa sau da yawa ba a ma furta *yo* (ni) ko *tú* (kai ko ke), ɗafa-ƙeyar ta riga ta faɗi wanda ake nufi.

A lokaci mai ci, bisa jerin ni, kai ko ke, shi ko ita, mu, ku, su, za ki ce: *espeso, espesas, espesa, espesamos, espesáis, espesan*. A shuɗaɗɗen lokaci, na aikin da aka yi aka gama: *espesé, espesaste, espesó, espesamos, espesasteis, espesaron*. Ki lura *espesamos* ya fito sau biyu. Ba kuskuren ɗab'i ba ne, haka duk aikatau masu *-ar* na ƙa'ida suke, kuma sauran jimlar ce ke rarrabewa: *hoy espesamos* yau, *ayer espesamos* jiya. Wani abin da ɗalibai ke yawan yi shi ne ƙara *s* su ce *espesastes*. Za ki ji shi a bakin wasu masu harshen ma, amma a jarrabawa za a soke miki.

Akwai shuɗaɗɗe na biyu, na abin da aka saba yi ko ake cikin yi a da: *espesaba, espesabas, espesaba, espesábamos, espesabais, espesaban*. *Mi abuela espesaba la sopa con pan* na nufin kakata takan sa burodi miya ta yi kauri. Lokaci na gaba kuwa ya saɓa wa sauran, domin ba a cire *-ar*, ana ɗora ɗafin a kan cikakkiyar kalmar: *espesaré, espesarás, espesará, espesaremos, espesaréis, espesarán*. Haka na sharaɗi, wato "da na yi": *espesaría, espesarías* har zuwa *espesarían*. Sai siga biyu da ba sa sauyawa da mutum, *espesando* da *espesado*, kamar a *estoy espesando* da *he espesado*.

Tambaya: Ina aiki a kicin ɗin wani gidan abinci a Balensiya ta ƙasar Sifaniya. A takardun girki kullum ina ganin *remueve hasta que espese*. Me ya sa *espese*, alhali a littafina "yana yin kauri" *espesa* ne? Kuma shugaban kicin yakan ce mini *espésala*, wani lokaci *no la espeses*. Duk sun rikita ni. Daga wani ɗan'uwa a Sifaniya.

Amsa: Malam, sannu da aiki. Ka taɓo sigar da mutum ya fi cin karo da ita a wannan aikatau, wadda kuma littattafan koyo ke jinkirtawa sai can tsakiyar littafi. Sunanta *subjuntivo*. Ana gina ta ta hanyar mayar da wasalin *a* ya koma *e*: *espese, espeses, espese, espesemos, espeséis, espesen*.

Bahaushe ya fi wasu sauƙin gane ta, domin muna da makamanciyarta, wadda masana nahawu ke kira umartau. Ka saurari bambancin "kunun ya yi kauri", labarin abin da ya riga ya faru, da "ina so kunun ya yi kauri", abin da bai faru ba tukuna. A rubutu duka "ya yi" ne, amma a baki na farkon dogo ne da sautin sama, na biyun gajere da sautin ƙasa. Wannan na biyun shi ne kusan *espese*. Lokacin da kake karanta takardar girki, miyar ba ta yi kauri ba, jira ake ta yi, shi ya sa *hasta que*, wato "har sai", ya jawo *espese*: ka juya har sai ta yi kauri. Idan labarin jiya kake bayarwa, kaurin ya riga ya samu, sai ka ce *removí hasta que espesó*. Idan kuma al'ada ce ta kullum, *siempre remuevo hasta que espesa*. *Hasta que* ɗin iri ɗaya, siga uku, kuma abin da ke zaɓa shi ne ko kaurin ya tabbata ko ana sa ransa. *Cuando* ma haka yake: *cuando espese, apaga el fuego*, idan ta yi kauri ka kashe wuta. *Para que*, wato "domin", kuwa ba ya karɓar komai sai wannan siga: *añade harina para que espese*.

Za ka ga wasu takardun sun rubuta *hasta que se espese*, da *se* a tsakiya. Duka biyun suna yawo a kicin kuma ma'anarsu ɗaya. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne bambancin *yo espeso la salsa*, ni ne nake sa ta yi kauri, da *la salsa se espesa*, ita ce ke yin kauri da kanta a kan wuta.

Maganar shugaban kicin umarni ce. Ga wanda ake kira *tú*, umarnin yi shi ne *espesa*, kuma abin da za a yi wa aikin yana manne a baya: *espésala* idan sunan na jinsin mace ne kamar *la salsa* ko *la crema*, *espésalo* idan na jinsin namiji ne kamar *el caldo* ko *el chocolate*. Alamar da ta bayyana a kan *e* ta zo ne domin kalmar ta ƙaru da gaɓa ɗaya amma nauyin bai bar wurinsa ba. A hani kuwa komai ya juya: sigar ta koma *subjuntivo*, wakilin sunan ya dawo gaba ya tsaya shi kaɗai, *no la espeses*. Ba a cewa *no espésala*. Ga wanda ake girmamawa da *usted*, *espésela* da *no la espese*. Idan ku biyu ne ko fiye, a Sifaniya za ka ji *espesadla*, amma abokin aikinka ɗan Meziko ko Kolombiya zai ce *espésenla*, domin a Latin Amurka ba a amfani da *vosotros*, wato "ku" da ake faɗa a Sifaniya. Ɗan Ajantina kuma zai ce maka *espesá*, nauyi a ƙarshe, saboda su *vos* suke cewa a madadin *tú*.

Tunda a kicin kake, ga jimlolin da ke rakiyar wannan aikatau. *Disuelve una cucharada de maicena en leche fría*: ka dama cokali ɗaya na garin sitacin masara a madara mai sanyi. Kalmar *fría* ba ado ba ce. Idan ka zuba garin kai tsaye cikin ruwan zafi, bayansa zai dahu ya rufe busasshen gari a ciki, ka samu gudaji, wanda su ke kira *grumos*. *A fuego lento, sin dejar de remover*: a ƙaramar wuta, ba tare da ka daina juyawa ba. *Espesa al enfriarse*: tana ƙara kauri idan ta huce, don haka a sauke kafin ta kai yadda ake so. Idan aka ce maka *ha quedado demasiado espesa*, kaurin ya yi yawa, kuma abin da za a nema ka yi shi ne *aclarar* ko *aligerar*, ka tsinka ta da ɗan romo ko madara. Ka lura a nan *espesa* sifa ce, tana bin jinsin abin da ake magana a kai: *la salsa está espesa*, *el puré está espeso*. Amma bayan *haber*, aikatau mai taimako da ke ba da *he* da *ha*, *espesado* ba ya sauyawa: *la salsa ha espesado*, ba *espesada* ba.

Tambaya: 'Yar alamar nan da ake ɗorawa a kan wasali, dole ce? A waya tana ba ni wahala, kuma ina ganin masu harshen ma suna barin ta a saƙonni. Daga wani mai koyo a Zariya.

Amsa: Suna barin ta, gaskiya ne, kamar yadda mu ma muke barin lanƙwasar ƙ da ɗ a saƙon waya. Amma su sun san inda nauyin yake ko ba a rubuta ba, kai kuwa kana koyo ne, kuma a wannan aikatau alamar ita kaɗai ke raba sigogi da dama. *Espeso*, nauyi a kan *pe*, ni ne nake yi yanzu. *Espesó*, nauyi a kan *so*, wani ne ya yi a baya. Mutum ya sauya, lokaci ya sauya. *Espese* da *espesé* haka. *Espesara*, nauyi a kan *sa*, *subjuntivo* ne na shuɗaɗɗe, kamar a *quería que espesara*, na so ta yi kauri, amma *espesará* na nufin za ta yi.

Ƙa'idar gajera ce. Kalmar da ta ƙare da wasali, ko *n*, ko *s*, nauyinta yana kan gaɓa ta biyu daga ƙarshe. Wadda ta ƙare da wani baƙi daban, kamar *espesar* ko *espesad*, nauyinta yana gaɓar ƙarshe. Duk wadda ta saɓa wa wannan ita ake sa wa alama. A waya, ka danna wasalin ka riƙe kaɗan, zaɓin zai fito. Mun fi ba da shawarar ka riƙa karanta jerin da babbar murya kana ɗan buga tebur a gaɓar da ke da nauyi, domin wanda ya haddace da ido kaɗai yakan furta *espeso* da *espesó* iri ɗaya.

Tambaya: Ƙamus ya ba ni *espesar* da *engrosar* duka a matsayin ƙara kauri. Ɗaya ne? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: A'a, Malama. Hausa ce ta haɗa su a kalma ɗaya, kaurin kunu da kaurin bango. *Espesar* na abin da ke da ruwa-ruwa ne ko abin da ke cunkushewa: miya, fenti, hazo, kurmi. *Engrosar* na abin da ake auna faɗin jikinsa ne, kamar igiya ko gindin bishiya, sannan a jaridu ya fi fitowa da ma'anar ƙara yawa, *engrosar la lista*, shiga cikin jeri a ƙara masa tsawo. Wajen sarrafawa ma sun bambanta: sifarsa *grueso* ce, don haka tsohuwar sigarsa *engrueso*, ko da yake yau *engroso* ya fi yawa kuma duka biyun karɓaɓɓu ne. Idan kuma madara ce ta kama ta zama kindirmo, ko ƙwai ya daskare a kasko, aikatau ɗin *cuajar* ne, shi ma mai bin ƙa'ida: *cuajo, cuajas, cuaja*.