Allurar agogon juyin inji tana tsalle a tsohuwar 504: in sayi sabo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Peugeot 504 mai shan fetur da na gada daga mahaifina, a nan Tahoua. Tun bayan damina agogon da ke nuna juyin inji ya fara ba ni matsala. Allurar tana tsalle, musamman a kan gargada. In na kunna fitilu da dare sai ta canza wuri, alhali ƙarar inji ba ta canza ba. Sau biyu kuma a hanyar Ƙonni ta faɗi sifiri farat ɗaya, motar ta yi kamar za ta mutu, sannan ta dawo daidai. Wani mai gyara ya ce agogon ya mutu, in aika Yamai a sayo wani. In saya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ka ci moriyar abin da ya bari. Kada ka sayi komai tukuna. Daga bayaninka ina ganin cuta biyu ce ke damun motar, kuma da wuya ko ɗaya ta kasance a cikin agogon.

Agogon nan, wanda takardun mota na Faransanci ke kira compte-tours, ba shi da igiya mai juyawa irin ta agogon gudu. Ƙirga yake yi. Duk lokacin da filatine, wato ƴan bakunan ƙarfe biyu masu buɗewa da rufewa, ya buɗe a cikin delko, mai raba wuta ga silindoji, bobin, wadda ke ƙara ƙarfin wutar batir, tana harba wuta zuwa buji, shi kuma agogon yana jin wannan bugun ta wata siririyar waya da ke ɗaure a ƙafar bobin mai alamar ragi. A tsofaffin bobin na Faransa irin na Ducellier za ka ga an rubuta RUP a wannan ƙafa, ɗayar kuma BAT. A na Bosch lamba 1 ce da lamba 15. Inji mai silinda huɗu yana bugu biyu a kowane juyi, saboda haka in yana ralanti, wato yana aiki ba a taka totur ba, a juyi 900 a minti, bugu 30 ne ke isa agogon a kowace daƙiƙa. Ban da wayar fitilarsa, wayoyi uku kawai yake bukata: wutar bolt 12 bayan an buɗe kontak, da mas, wato haɗi da jikin mota, da wayar bugun nan. In ɗaya ta samu tangarɗa, allura za ta yi ƙarya ko da agogon lafiyarsa lau.

Maganar fitilu ita ce mai sauƙi. Allurar da ke motsi don an kunna fitila, kusan kullum mas ne ya lalace. Ƙananan ƙwayayen da ke haska tablo suna tarayya da agogon a mas ɗaya. In wurin ya yi tsatsa ko noti ya saki, wutar fitilun ba ta samun hanyar komawa, sai ta bi ta cikin agogon. Ka samu doguwar waya, ka ɗaura baki ɗaya a ragin batir, ɗaya bakin a mas na bayan agogon, ka tada inji, ka kunna fitilu. In allura ta tsaya cak, ka kama ɓarawo. Ka kwance notin, ka goge wurin da takardar yashi har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure da kyau, ka shafa ɗan giris don damina mai zuwa. Ka duba har da kakkaurar wayar mas da ta haɗa inji da jikin mota, domin ita ma takan ruɓe ta ciki. In kana da mita, ka auna batir inji yana aiki: wajen bolt 14 ake so. Wanda ya haura 15 ko yake hawa da sauka, altanata za a duba.

Abin da ya fi damuna shi ne faɗuwar da ta yi a hanyar Ƙonni, kuma a nan nake so ka natsu. In mota tana gudu a cikin giya, ƙafafunta suna juya inji ko da wuta ta ɗauke. In matsalar mai ce, kamar karbureta ta toshe ko famfon mai ya gaji, bobin tana ci gaba da bugu, allura kuma tana sauka a hankali tare da inji. Amma in ta faɗi sifiri kamar an yanke ta, ga inji yana juyawa, to bugun ne ya ɗauke. Agogon gaskiya ya gaya maka: wutar bobin ta yanke na ɗan lokaci. Wanda ya canza agogo a wannan hali ya kori mai shaida ne ya bar mai laifi, kuma wata rana motar za ta tsaya masa tsakanin Badagishiri da Tsarnawa da tsakar rana.

Gwajin da za ka yi ba ya cin ko dala. Ka cire wayar agogon daga ƙafar RUP, ka bar wadda ta tafi delko, ka naɗe bakin da ka cire da salatif, ka bi gargadar da ta saba tada matsalar. In motar ta daina shaƙewa, wayar agogon ce ke taɓa ƙarfe a wani wuri. Mutane da yawa ba su san cewa wannan ƴar siririyar waya tana iya kashe inji ba: da ta taɓa jikin mota, daidai yake da filatine bai buɗe ba, bobin ba za ta harba ba. Na taɓa samun wata 504 a garejinmu a Yamai da ta sha canjin bobin sau biyu da karbureta sau ɗaya kafin ta zo hannunmu. Da muka bi wayar da yatsa, sai muka tarar robar ramin da take ratsawa daga wurin inji zuwa cikin mota ta bushe ta farfashe. Bakin ƙarfe ya ci rigar wayar, gurin bai kai ƙwayar gero ba, tagulla tana ƙyalli, ga ɗan baƙin ƙuna a jikin fenti. Sabuwar waya da sabuwar roba suka gama zancen.

In kuwa ka cire wayar amma motar ba ta daina ba, ka koma delko. Ka buɗe marfin, ka dubi filatine: in bakinsa ya ƙone ya yi rami a gefe ɗaya da tudu a ɗaya gefen, ka canza shi tare da kondansa, kada ka canza ɗaya ka bar ɗaya. Tazararsa a 504 wajen milimita 0.4 ce. Kondansa da ta gaji tana sa allura rawa tun kafin direba ya ji komai a inji, kuma ta fi yi in mota ta ɗauki zafi. Ka kama sandar tsakiyar delko ka girgiza ta gefe da gefe. In tana lilo, tazarar filatine tana canzawa a kowane juyi, gyaran tazara kuma ba zai riƙe ba. Akwai kuma ƴar wayar da ke cikin delko, wadda ke lanƙwasa duk lokacin da farantin da filatine ke zaune a kai ya motsa, tana tsinkewa ta ciki rigarta tana nan lafiya. Daga nan sai ƙafar BAT da makunnin kontak. Inji yana ralanti, a girgiza makulli a hankali. In allura ta yi tsalle, makunnin ya cinye.

Ka yi hankali da hannunka. Ƙafar ragin bobin tana kai ɗaruruwan bolt a lokacin bugu, kada ka taɓa ta inji yana aiki. Kada kuma ka bar kontak a buɗe inji a kashe na tsawon lokaci, bobin tana zafi, filatine yana ƙonewa. Don sanin ko bugu yana isa bayan agogo, fitilar gwaji ta isa: baki ɗaya a wayar, ɗaya a mas, wani ya murɗa makulli, fitilar ta riƙa ƙyaftawa.

Sai an wanke duk waɗannan za a buɗe agogon, kuma ko a nan gyara ya fi saye. Zafin watan Afrilu da Mayu na Adar, ga mota a rana gilasai a rufe, yana busar da ƙananan kondansa na ciki, gargada kuma tana tsaga likin dalma. Ƙurar hunturu tana shiga ƴar ƙusar saiti. Wani lokaci allurar ce ta lanƙwashe tana gogar gilashi. Mai gyaran rediyo da ya san aikinsa zai sake likin ya canza kondansar cikin awa ɗaya. Ka roƙe shi kada ya hura iska mai ƙarfi ko ya zuba mai a gindin allura, akwai siririn naɗaɗɗen ƙarfe kamar gashi a wurin, in ya lanƙwashe shi ke nan.

In ta kama dole sai an saya, ka gaya wa wanda za ka aika kasuwar Katako ta Yamai ya nemo na injin fetur mai silinda huɗu. Na silinda shida zai nuna maka 2000 alhali inji yana 3000. Na motar gazuwal kuma ba zai yi ba sam, domin babu bobin a can. Da yawansu daga ƙafar W ta altanata suke ƙirga. Ya kawo shi da soket ɗinsa da ɗan guntun waya, kuma a yi sharaɗi da mai kaya cewa za a gwada a mayar in bai yi ba. Tsohon na Baba kuma ka ajiye shi, kada ka bayar a ciko.