Amsa: Hanyar zama likitan tiyatar ciwon daji

Malama, kin tambayi tsawon hanyar da ɗanki zai bi kafin ya zama likitan tiyatar ciwon daji. A yawancin ƙasashe zai fara da karatun likitanci na shekara 5 ko 6, sannan horon tiyata na kimanin shekara 5, kafin ya ƙara kamar shekara 2 a kan daji kaɗai. A ganina matakin ƙarshen nan ya fi nauyi, domin a nan zai koyi cire ƙari haɗe da ɗan lafiyayyen naman da ke kewaye da shi, da binciken kaluluwa don gane ko cutar ta bazu, da kuma zama da sauran ƙwararru a tantance ko tiyatar ma ta dace.