Likita ya amsa tambayoyinku kan allurar rigakafin mura mai tsanani

Tambaya: Likita, an yi mini allurar rigakafin mura kafin tafiya Hajji, amma na dawo da tari da majina. Ashe ba ta aiki? (Wani Alhaji daga Katsina)

Amsa: Alhaji, cuta guda aka yi allurar dominta, wato infuluwenza, mai zuwa da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi har ta kwantar da mutum. Tarin da alhazai ke dawowa da shi sau da yawa wasu ƙwayoyin cuta ne daban. Sannan akwai batun lokaci: jiki yana ɗaukar kusan mako 2 kafin ya haɗa sinadaran kariya. Wanda aka yi wa ita saura kwana uku jirgi ya tashi, ya isa Jidda garkuwarsa ba ta nuna ba.

Tambaya: Me ya sa ake maimaita ta duk shekara, alhali ta ƙyanda ba haka ba ce? (Wani malamin makaranta)

Amsa: Malam, ƙwayar ƙyanda ba ta cika sauya kama ba, ta infuluwenza kuwa aikinta ke nan. A bayanta akwai wasu ƙayoyi da take maƙale wa maƙogwaro da su, kuma kan ƙayar ne garkuwar jiki ke ganewa ta damƙe. Da kan ya ɗan sauya, sai sinadaran bara su kasa riƙe shi da kyau. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke zaɓen nau'o'in da za a saka sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba. Wata matsalar daga masana'anta take: yawancin allurar a cikin ƙwan kaza ake rainon ƙwayar, kuma wani nau'in infuluwenza da ake kira H3N2 kan sauya don ya dace da ƙwan, sai ya ɗan bambanta da wanda ke yawo a gari. Kariyar ma da kanta tana raguwa bayan 'yan watanni. A shekarar da aka dace, allurar kan rage kamuwa da kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Ba cikakkiya ba ce, amma ga mai asma ko ciwon zuciya wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tambaya: Ina da ciki wata shida. Ba za ta cutar da abin da ke cikina ba? (Wata baiwar Allah daga Maraɗi)

Amsa: Malama, Allah Ya sauke ki lafiya. Allurar da ake yi a damtse matacciyar ƙwaya ce, ana yi wa mai ciki ko a wane wata. Ta fesawa a hanci ce ba a ba ku. Jariri ba a yi masa sai ya kai wata 6, don haka kariyar da ke ratsawa ta mabiyiya ita ce garkuwarsa. Wani bincike da aka yi a Bamako kan mata fiye da 4,000, aka wallafa a 2016, ya nuna kamuwar jarirai ta ragu da kusan kashi biyu bisa uku a watanni 4 na farko.

Tambaya: Mahaifina ya haura 70, yana da ciwon suga. Wacce ta dace da shi?

Amsa: Garkuwar tsoho ba ta amsa allura da ƙarfi, shi ya sa aka yi wa 'yan 65 zuwa sama mai ninki huɗu: maikirogiram 60 na sinadarin kowane nau'in ƙwayar maimakon 15. In ba a samu ba, kada a jira, a yi wa Baba ta gama-gari. A dai tabbata an ajiye ta a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma ba ta taɓa daskarewa ba, don ƙanƙara na lalata ta.