Robar hannu mai ɗumi a kan babur 125: a fara auna caji kafin a saya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Ngaundere ta ƙasar Kamaru, sana'ata ɗauko madara daga rugage zuwa cikin gari a kan babur. Da an sallame sallar asuba nake kama hanya. Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu yatsuna kan sandare har in kasa matse birki yadda ya kamata. Na ga ana tallar wata robar hannu da ake haɗawa da batir tana ɗumama tafin hannu. Babur ɗina 125 ne ƙirar Sin, yana da kik da sitata. Wace iri ya kamata in saya, kuma yaya ake ɗaura ta?

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wanda ke Garuwa ko Kuseri zai iya yi maka dariya, amma Ngaundere tana kan tudu ne, sama da mita 1,000 daga bakin teku, kuma a tsakiyar hunturu sanyin asuba kan sauka kusa da digiri 10. Ka ɗora gudun babur a kai, iska tana dukan bayan yatsu babu tsayawa. Hannun da ya kasa matse birki haɗari ne, don haka maganar ba ta gayu ba ce.

Sai dai kafin zaɓen iri akwai abin da ya fi muhimmanci: shin babur ɗinka yana samar da wutar da za ta ishi robar? Nan ne yawancin masu ƙananan babura ke asarar kuɗinsu.

Robar hannu mai ɗumi guda biyu, idan an kai ta ƙarshen zafinta, tana jan amfiya 3 zuwa 4 a kan bolt 12, wato wat 36 zuwa 48. Kamar ka ƙara wata babbar fitilar gaba ce. Manyan babura suna da rarar wuta mai yawa, ko a jikinsu. Ƙananan 100 da 125 da 150 kuwa an yi kwayil ɗinsu, wato abin da ke samar da wuta a cikin inji, daidai buƙatarsu, kuma da yawa daga cikinsu fitilar gaba kai tsaye take shan wuta daga kwayil, batir kuma ɗan abin da ya samu ne kawai don sitata da oda da sigina. Gane wannan ba wuya: idan fitilarka ba ta kamawa sai inji ya tashi, tana dusashewa a silo tana ƙara haske idan ka murɗa totur, to irin wannan ne naka. A irinsa, canja ƙwan fitila zuwa LED ba lallai ya ƙara wa batir komai ba, domin hanyar wutarsu daban ce, duk da abin da masu shago kan faɗa.

Batir kuma ba rijiya ba ne, randa ce. Na irin babur ɗinka bai wuce ya riƙe amfiya 5 zuwa 7 na awa ɗaya ba. Idan robar tana ɗiban 3 caji yana zuba 1, kafin ka je ruga ka dawo randa ta yi ƙasa, sitata ta ƙi juyawa. Wanda babur ɗinsa ke dogara da batir wajen ba fulogi wuta, ko kik ba zai cece shi ba.

Ga gwajin da ba zai ci maka kuɗi ba. Ka je wurin mai gyaran waya da ke da mitar auna wuta, ya saita ta a bolt 20 na wutar batir. Babur a kashe bayan ya kwana, lafiyayyen batir zai nuna 12.5 zuwa 12.8. Idan ya gaza 12.2, batir ɗin ne farkon abin gyara. Sai a tayar da inji, a kunna fitila, a riƙe totur daidai yadda kake tafiya a hanya: ana son ganin 13.5 zuwa 14.5. Daga nan a ɗauko tsohon ƙwan fitilar gaba mai wat 35 da ke aiki, a haɗa shi da wayoyi biyu kai tsaye a kan batir. Wannan ƙwan yana jan kusan abin da robar za ta ja. A sake riƙe totur a duba mita na minti biyu ko uku. Idan ta tsaya sama da 13, babur ɗinka zai ɗauka. Idan tana tsakanin 12.6 da 13, za ka iya amfani da ita a ƙaramin zafi kawai, kuma ka kashe ta idan ka shigo cunkoson gari. Idan kuwa lambar tana gangarowa ƙasa da 12.5, ka bar kuɗinka a aljihu.

Ko da gwajin ya yi kyau, ka san iyakar abin da robar ke yi. Tafin hannu take ɗumamawa, alhali sanyin da ke damunka ta bayan yatsu yake shigowa. Robar ɗumi ba tare da abin tare iska ba kamar hura gawayi ne a ɗakin da ba ƙofa. Ka fara sa garkuwar hannu, irin ta baburan daji, ko a yanka maka ita daga jarkar roba mai kauri a ɗaure a gindin madubi, muddin ba ta taɓa birki ko kuloci idan iska ta danno ta. Ka haɗa da safar hannu wadda bayanta ke da kauri tafinta kuma siriri. Mutane da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa, ba waya ba fis. Safa mai kaurin tafi kuwa hana zafin robar isa ga fata take yi.

In ka tsaya a kan saye, a shaguna da sunan Faransanci za ka tambaya, poignées chauffantes. Wadda ta fi inganci ita ce cikakkiyar roba da ake cire tsohuwa a sa ta. Akwai kuma 'yar shimfiɗa siririya da ake liƙawa a ƙarƙashin robarka ta yanzu. Tana da araha, amma ta hagu ƙarfen kan babur yana shanye zafinta sai an fara naɗe ƙarfen da baƙin salatif hawa biyu ko uku, kuma wayarta ta dama ba ta daɗewa take karyewa. Wadda ake naɗawa a bisa roba a cire idan hunturu ya wuce ta dace da mai buƙatar wata biyu a shekara, sai dai tana ƙara wa mariƙin kauri. Masu shan wuta ta USB zafinsu kaɗan ne, amma ga babur ɗin da ya faɗi gwaji su ne mafita, domin ana iya ba su wuta daga batirin cajin waya a aljihu.

Ka auna kaurin ƙarfen kan babur ɗinka. Kusan duk ƙananan babura milimita 22 ne. Masu milimita 25 na wasu manyan babura ne, ba za su zauna ba. A cikin kwali za ka ga ramin guda ɗaya ya fi na ɗaya faɗi. Ba kuskuren kamfani ba ne: mai faɗin ta dama ce, tana hawa kan bututun totur. Tsawo kuma yawanci milimita 120 zuwa 130, ka gwada da tsohuwar robarka. Ka fifita mai makunni na lantarki da matakan zafi huɗu ko biyar, domin a ƙaramin mataki wutar da take ja tana raguwa sosai. Wasu, irin na kamfanin Oxford na Ingila, suna kashe kansu idan wutar batir ta yi ƙasa. A babur mai raunin caji za ka ga tana yawan ɗaukewa, mutum ya zaci ta lalace, alhali gaskiya take faɗa masa.

Yanzu ɗaurawa. Kafin a yanka komai, a haɗa robar da batir na minti biyu a tabbatar duka biyun suna ɗumi. A mita, idan an saita ta a ma'aunin om, kowace guda kan nuna 7 zuwa 9. Wadda ba ta nuna komai ba wayar cikinta ta tsinke, a mayar wa mai shago. Sai a cire wayar batir mai alamar ragi, a tsaga tsohuwar roba da reza a hankali don kada a ji wa bututun totur ciwo. A goge tsohon gam tas. Bututun totur yana da 'yan tudu-tudu da ke riƙe tsohuwar roba. A goge su da magagari ko samfefa har sabuwar ta shiga da turin hannu. Kada a buga ta da guduma, kada a murɗa ta da ƙarfi, kada kuma a kama ta ta wurin da waya ta fito. Siririyar waya ce a naɗe cikin robar, idan ta tsinke babu gyara.

A gwada zamanta babu gam tukuna, a sa alama da alli. Ta hagu, ƙullin da waya ke fitowa kada ya tare kuloci ko babban yatsa wajen kai wa ga oda. Ta dama ita ce mai wuyar sha'ani, domin tana juyawa. A bar wa wayarta lanƙwasa mai sassauci, a murɗa totur har ƙarshe a saki sau da yawa: dole ya koma da kansa nan take, waya ba ta miƙe ba, ba ta kuma shiga tsakanin hannu da birki ba. A bar tazarar milimita 2 ko 3 tsakanin roba da gidan makunni. Sannan a sa gam, kaɗan, a kan bututun ba cikin robar ba, nesa da bakinsa na ciki da na waje. Gam mai saurin kamawa ba ya ba da lokacin gyara zama, shi ya sa ake sa alamar alli. Ɗigo ɗaya da ya zurara tsakanin bututu da ƙarfe ya isa ya sa totur ya maƙale a buɗe. A bar shi ya kwana kafin a hau.

Wajen wuta, kuskure biyu ake yawan yi. Na farko, a jona robar a wayar fitilar gaba: a irin babur ɗinka wutar nan ba irin ta batir ba ce, za ta iya ƙona makunnin, fitila kuma ta dushe. Na biyu, a haɗa kai tsaye da batir babu abin yanke wuta, ran da aka manta ta a kunne a bakin kasuwa a dawo a tarar batir ya mutu. Maganin shi ne rile ta bolt 12 mai ƙafa huɗu, irin wadda ake sa wa odar mota. Ƙafa mai lamba 30 ta tafi kan batir mai alamar tarawa, da fis na amfiya 5 a tsakani, kusa da batir bai wuce taƙi ɗaya ba. Lamba 87 ta tafi jar wayar makunnin robar. Lamba 86 a jona ta da wayar da ba ta da wuta sai an kunna makulli, kamar wadda ke shiga makunnin fitilar birki. A nemo ta da mita, kada a dogara da launi. Lamba 85 da baƙar wayar robar su koma kan batir mai alamar ragi. Waya mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5 ta isa. Fis idan ya ƙone a nemi dalili, kada a naɗa masa zaren waya kamar yadda aka saba.

Duk mahaɗa a liƙe ta da dalma a rufe, domin ƙurar hunturu da doguwar daminar Adamawa ba sa barin wayar da aka murɗe da hannu. A bi da wayoyin ta hanyar tsofaffin wayoyin babur, nesa da kan inji da salansa. A ƙarshe a tayar da inji a silo, a juya kan babur dama da hagu har ƙarshe. Idan ƙarar inji ta canja ko wata waya ta miƙe, a sake shimfiɗa su.

Idan daga baya ta dama kaɗai ta daina ɗumi, kusan kullum waya ce ta karye a gindin roba saboda an ɗaure ta tamau. Idan ta hagu ta fi jinkirin ɗaukar zafi, haka take, ƙarfe ne ke sha. Ka kunna bayan inji ya tashi, minti biyar a babban mataki sannan ka sauko. Da Maris ya kama, ka zare fis ɗin ka ajiye, ka kuma riƙa murɗa robar da hannu lokaci-lokaci: zafin rana yana sassauta gam, kuma roba mai juyawa a kan bututun totur ba a hawa da ita sai an sake liƙe ta.