Me ya sa hadisan Abu Huraira suka ninka na Sayyidina Abubakar?

Tambaya: Malam, Abu Huraira (RA) bai iso Madina ba sai shekara ta 7 bayan Hijira, lokacin yaƙin Khaibar, amma an ce hadisansa 5,374 ne, na Sayyidina Abubakar (RA) kuwa 142 kacal. Ta yaya haka? Daga wani ɗalibi a Gusau.

Amsa: Ɗan'uwa, jin hadisi daban, samun damar isar da shi daban. Abubakar ya rasu a shekara ta 13, shekara biyu da 'yan watanni bayan wafatin Annabi (SAW), yana ɗauke da nauyin halifanci da yaƙin masu ridda, ga Madina cike da sahabban da suka ji da kunnuwansu. Wa zai tambaye shi? Shi kuwa Abu Huraira ya kai wajen shekara ta 58, lokacin da tabi'ai, wato waɗanda suka zo bayan sahabbai, ke tururuwa neman wanda ya ga Annabi. Surukinsa Sa'idu bin Musayyib da Ibn Sirin da Hammam bin Munabbih duk sun ɗauka a wurinsa.

Ga kuma lazimta. Yana cikin Ahlus Suffa, matalautan da ke kwana a masallaci, ba gona ba kasuwa. Shi da bakinsa ya ce ciniki ya shagaltar da Muhajirai, dukiya ta shagaltar da Ansar, shi kuwa yana manne da Annabi, abin da zai ci kawai ya ishe shi.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne lambar kanta. An ciro ta ne daga littafin hadisi na Musnad na Baƙiyyu bin Makhlad, kuma a ƙidayar malaman hadisi, magana ɗaya in ta zo ta isnadi (jerin masu ruwaya) goma, hadisi goma ce. In an cire maimaici, adadin yana raguwa ƙwarai.

Sannan ba duka ya ji kai tsaye ba. Sahabbai sukan karɓa daga junansu. Ya taɓa ba da fatawa cewa wanda asuba ta riske shi da janaba ba shi da azumi. Aka je wajen Nana A'isha da Ummu Salama, suka ce asuba kan riski Annabi a haka, ya yi wanka ya ci gaba da azuminsa. Da aka gaya masa, sai ya ce su biyun sun fi shi sani, shi daga Fadlu bin Abbas ya ji, ya janye fatawar.